Zugazugin Ƙirji: Shan Inna da Yaran da Ba a Ƙirga Ba

Bahaushe ya raɗa wa wannan cuta suna ne daga abin da idonsa ya gani. Yaro yana guje-gujensa lafiya lau, ya yi kwana biyu ko uku da zazzaɓi, a wayi gari ƙafa ɗaya ta saki. Bayan 'yan watanni ta tsotse ta koma kamar sillen kara. Sai aka ce Inna ce ta shanye ta, aljanar nan da masu bori ke kira Doguwa, daga nan aka sami shan inna. Duk wanda ya tashi a Kademi, ko Gaya, ko ƙauyukan Ajingi ya san fuskar cutar: saurayi a kan keken guragu yana tuƙi da hannu a bakin kasuwa, magidancin da sai ya dafe gwiwa da tafin hannu kafin ya taka, yarinyar da ba a sa ta makaranta ba saboda babu mai goyon ta kullum.

To amma waɗannan su ne waɗanda suka rayu. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum 200 da ƙwayar cutar ta shiga jikinsu, ɗaya ne take shanye wa gaɓa har abada. Cikin waɗanda ta shanye kuma, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari suna mutuwa, domin ta taɓa tsokokin da ke jan numfashi. Wato cikin yara ashirin da ta kayar, ɗaya ko biyu ba su kai ga hawa keken ba. A makon farko ake kai su makwanci. A ƙauye irin namu sau da yawa ko sunan cutar ba sa samu: a ce sanyin haƙarƙari ne, ko a ce iska ce, a yi jana'iza, a ba uwar haƙuri.

Kafin a gane yadda cutar ƙafa ke kashe mutum ta ƙirji, sai an san yadda ake numfashi, kuma mutumin ƙasar Gaya ba ya buƙatar zuwa nesa neman misali. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su ne suka fara zama a gindin Dala wajen neman tama. To a leƙa maƙera a dubi zugazugi. Fatar akuya ce kawai, ba ta da wani ƙarfi nata na kanta. Idan yaron zuga ya ɗaga ta, cikinta ya buɗe, iska ta shiga. Idan ya danna, iska ta fita ta hura gawayi. Ya ɗauke hannunsa, fatar ta kwanta, wuta ta fara dusashewa, alhali babu ko huda ɗaya a jikin fatar.

Haka huhu yake. Tambayi mahauci ya nuna maka: abu ne mai laushi kamar soso, ba shi da tsokar da zai ja iska da kansa. A ƙarƙashinsa akwai wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka mai siffar ƙwarya a kife, ita ta raba huhu da zuciya daga hanta da tumbi. Idan ta ɗaure sai ta sauka ƙasa, ƙananan tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari su ɗaga ƙirji, fili ya ƙaru a ciki, iskar waje ta kwararo ta cike gurbin. Idan ta saki, huhu ya koma yadda yake, iska ta fita. Babban mutum yana yin wannan sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, jariri kuwa ya kan ninka haka har fiye. Iskar da ta shiga tana isa wasu mitsi-mitsin buhuna, ɗaruruwan miliyoyi, inda oksijin ke ratsawa cikin jini, gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita, kabon dayoksaid, ta fito.

Ita wannan tsoka ba ta motsi sai da umarni. Umarnin yana tasowa daga gindin ƙwaƙwalwa, ya bi laka, ya fita ta wata jijiya da tushenta ke daidai gaɓoɓin wuya na uku zuwa na biyar. Ƙwayar shan inna ta baki take shiga, a ruwa ko abinci ko hannun da bahaya ya taɓa. Tana hayayyafa a maƙogwaro da hanji, kuma yawancin yaran da ta shiga ba sa ma nuna alama, sai dai su yi makonni suna fitar da ita a kashinsu. A cikin 'yan kaɗan ne take kutsawa laka ta kashe ƙwayoyin jijiyar da ke ba tsoka umarni. Idan ɓarnar ta faɗa ƙasan laka, ƙafa ce ke tafiya. Idan ta hau wajen wuya, yaron zuga ne ya ɗauke hannu. Huhun lafiyarsa ƙalau, amma babu mai buɗe shi.

Abin ya fi muni ga ƙaramin yaro, domin haƙarƙarinsa da sauran taushi, kusan duk numfashinsa ya dogara ne ga wannan tsoka guda. Sai numfashi ya zama sama-sama, kuka ya yi rauni, tari ya gagara. Tari kuwa shi ne tsintsiyar huhu. Idan babu shi majina ta taru, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, limoniya ta biyo baya. Akwai kuma nau'in da ke kama gindin ƙwaƙwalwa, inda haɗiya ke lalacewa, yawun yaro ya riƙa gangarawa hanyar iska. Uwar da ta ce ɗanta ciwon ƙirji ne ya kashe shi ba ta yi ƙarya ba. Abin da ta gani ke nan.

A ƙasashen Turawa wannan ɓangaren na cutar ne ya zama fuskarta. Cutar tsohuwa ce: akwai wani allon dutse na Masar mai shekara fiye da 3,000 da ke nuna mutum da tsotsatsiyar ƙafa yana dogara sanda. Amma ba ta fara zuwa a matsayin annoba ba sai ƙarshen ƙarni na 19, kuma abin mamaki a garuruwan da tsafta ta inganta. Da can jariri kan haɗu da ƙwayar tun yana da sauran kariyar da ya gada daga jinin uwarsa. Da ruwan famfo da masai na zamani suka zo, sai yara suka riƙa haɗuwa da ita a makare, ba kariya. A 1916 ta kashe mutum fiye da 2,000 a birnin New York kaɗai.

A Oktoban 1928, a asibitin yara na Boston, aka kawo wata yarinya 'yar shekara takwas numfashinta na shirin tsayawa. Aka sa ta cikin wata na'ura da Philip Drinker da Louis Shaw na jami'ar Harvard suka ƙera. Ka ɗauka ganga ce doguwa ta ƙarfe a kwance, a zura mutum ciki, kansa kaɗai a waje, a toshe wuyan da roba. Inji ya zuƙe iskar cikin gangar, ƙirji ya ɗago, iska ta shiga ta hanci. Inji ya saki, ƙirji ya koma. Zuga ce daga waje. Yarinyar ta farfaɗo nan take har ta yi magana, ko da yake ta rasu bayan 'yan kwanaki. Na'urar ce aka sani da huhun ƙarfe, kuma a shekarun 1930 kuɗin guda ɗaya ya kai na gida. Mafi yawa makonni suke yi a ciki su fito. Wasu ba su fito ba. Paul Alexander na Dallas ya shiga yana ɗan shekara shida a 1952, ya yi karatu har ya zama lauya, kuma da ita yake kwana har ya rasu a Maris 2024.

Wannan shekara ta 1952 ita ce mafi muni a Amurka, kusan mutum 58,000 suka kamu, fiye da 3,000 suka mutu. Amma labarin da ya fi shafar mu a birnin Kofenhegen na Danmak ya faru. Annoba ta cika asibitin Blegdam, huhun ƙarfe ɗaya tak suke da shi, sai wasu ƙananan na'urori shida. Cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya taɓu, 27 suka mutu. Likitoci sun ga marasa lafiya suna gumi, jininsu na hawa, suna fita hayyacinsu, suka zaci cutar ce ta cinye ƙwaƙwalwa. Wani likitan sa barcin tiyata, Bjørn Ibsen, ya ce a'a, gurɓatacciyar iska ce ta taru a jini saboda ba a fitar da ita. Ran 27 ga Agusta ya gwada a kan wata yarinya 'yar shekara 12: aka huda maƙogwaronta, aka zura bututu, aka haɗa da jakar roba, ya riƙa matsawa da hannu. Ta rayu.

Matsalar ita ce jakar sai da hannu, dare da rana, wani lokaci har watanni. Aka kirawo ɗaliban likitanci da na haƙori, kimanin 1,500, suka riƙa karɓa-karɓa, kowa ya zauna gefen gado awa shida ko takwas yana matsa jaka. Mace-mace ta sauko daga kusan tara cikin goma zuwa ƙasa da rabi, ta ci gaba da raguwa. Duk maƙerin Gaya da zai ga ɗakin nan zai gane aikin da ake yi. Daga wannan annoba aka sami ɗakin kulawa ta musamman da injin numfashin da muka riƙa jin sunansa lokacin korona.

Yaron da numfashinsa ya tsaya a Kademi a 1952, ko a 1992, ba shi da ganga, ba shi da ɗalibai 1,500. Tsakaninsa da babban asibiti akwai hanyar Gaya, da Wudil, da kuɗin mota. An ma daɗe ana ɗauka cewa shan inna ba wata babbar matsala ba ce a ƙasashe masu zafi, tunda ba a ganin annoba irin ta Turai. Sai a shekarun 1970 wasu likitoci a Ghana, cikinsu har da Samuel Ofosu-Amaah, suka bi yara suna duba ƙafafu, suka tarar a yankin Danfa kimanin bakwai cikin kowane dubu na yaran da suka isa makaranta cutar ta gurgunta su. Wannan bincike ya buɗe idon duniya. Sai dai mai ƙirga guragu, waɗanda suka rayu kawai zai samu.

Abin da ya iso mana shi ne rigakafi. Jonas Salk ya yi allura da matacciyar ƙwaya, aka gwada ta a gwajin da ya haɗa yara kusan miliyan 1.8 a 1954, aka sanar da nasara ran 12 ga Afrilu 1955. Kwanaki kaɗan bayan haka wani kamfani, Cutter, ya fitar da allurar da ƙwayar cikinta ba ta gama mutuwa ba. Kimanin 200 suka shanye, 10 suka mutu. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka tsoron rigakafi a Kano aka ƙirƙiro shi, ko kuwa ba a taɓa yin kuskure ba. Albert Sabin ya bi wata hanya: rayayyar ƙwaya da aka karya lagonta, a ɗiga a baki. An gwada ta a kan miliyoyin mutane a Tarayyar Sobiyet a 1959. Tana da araha, ba ta buƙatar allura ko malamin asibiti, kuma tana gina kariya a hanji, inda cutar ke hayayyafa. Da ita aka dogara a 1988 lokacin da ƙasashen duniya suka ƙudura kawar da cutar, a zamanin da take shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125.

Ɗigon yana da rauni guda da ba a yi wa mutanenmu bayaninsa da kyau ba. A wurin da gudawa ta yi yawa, hanjin yaro cike da wasu ƙwayoyin, ɗigon ba ya kamawa da sauri. Abin da sau uku zai yi a Turai, a nan sai an maimaita an maimaita. Shi ya sa ma'aikata suke dawowa wata bayan wata da 'yar akwatin ƙanƙara, suna rubutu da alli a bangon zaure, suna shafa tawada a ɗan yatsan yaro. Magidanci kuwa yana kallo yana lissafi. Ɗansa na fari ƙyanda ta kashe, ba wanda ya zo. Matarsa ta yi naƙuda a kan babur. In yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro sai ya sayar da kaza ya sayi magani. Amma wannan ɗigo, na cutar da bai ɗauke ta a bakin komai ba, ana kawo masa har gida, kyauta, har da magiya. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. Amsar da ya ba kansa ba daidai ba ce, amma tambayar tasa ba ta wauta ba ce. A 2018 kaɗai, a ƙiyasin UNICEF, limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Ga kuma tabon 1996. A lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a Asibitin Zana na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka mutu, biyar cikin waɗanda aka ba sabon maganin, shida cikin waɗanda aka ba wanda aka kwatanta shi da shi. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Saboda haka a 2003, shekarar da Amurka ta afka wa Iraƙi, da Dakta Ibrahim Datti Ahmad na Majalisar Ƙoli ta Shari'a ya ce ana zargin ɗigon da sinadarin hana haihuwa, maganar ta sami kunnuwan da suka daɗe a buɗe. Likita ne, ba a ce bai san magani ba. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Sauran suka koma, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tsaya kusan shekara guda. Aka kafa kwamitoci, aka aika tawaga Afirka ta Kudu da Indiya da Indunusiya. A ƙarshen Yulin 2004 Kano ta koma, da maganin da kamfanin Bio Farma na Indunusiya, ƙasar Musulmi, ya haɗa. A Oktoba Shugaba Obasanjo ya zo Kano ya ɗiga wa 'yar gwamnan da hannunsa a bainar jama'a.

Ɗigon ba ya hana haihuwa, kuma 'yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokaci yau ga su da goyo. Amma dakatarwar wata goma sha ɗaya ta bar zargin da ya yi shekara goma yana aiki. Ƙwayar da ta tashi daga arewacin Najeriya ta shiga ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita. Ta bi Nijar da Chadi da Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya. A 2005 ta shanye yara fiye da 400 a Yaman, fiye da 300 a Indunusiya, ƙasar da ta haɗa mana maganin. Har ta kai Saudiyya tana ɗiga wa alhazanmu, tsofaffi da furfurarsu, a filin jirgi. A gida kuwa, a 2006 an tabbatar da yara 1,122 da cutar ta shanye a Najeriya, Kano ce kan gaba. Wannan adadi na waɗanda aka kai rahotonsu ne, aka ɗauki kashinsu aka auna. Yaron da numfashinsa ya tsaya a daren Talata aka binne shi da hantsin Laraba ba a ɗaukar masa samfur.

Abin da ya juya al'amarin bai zo daga waje ba sosai. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwan da mutane ke so, rigakafin ƙyanda da sinadarin bitamin A da sabulu, daga baya aka riƙa kafa sansanin duba marasa lafiya a unguwa. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya, Sarkin Kano Ado Bayero ya ɗiga da hannunsa, magana ta gangaro daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, wanda ya san gidan da aka ɓoye yaro a ƙarƙashin gado. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda za su iya shiga har tsakar gida su zauna a tabarma su ce, “Yaya, ba ni shi nan.” Guragun da kansu suka shiga gaba, irin su Aminu Ahmad Tudun Wada mai ƙera kekunan guragu a Kano, da Misbahu Lawan Didi da ya ƙirƙiro ƙwallon guragu. Da wuya uba ya kalli mutumin da ya rarrafo zaurensa ya ce masa cutar ƙarya ce. Adadin ya faɗo daga 798 a 2008 zuwa 21 a 2010, ya sake hawa zuwa 122 a 2012. Ran 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a asibitocin unguwa biyu a birnin Kano. Sauran suka koma aiki.

Yaro na ƙarshe da ƙwayar daji ta shanye a jihar Kano ɗan wata 16 ne a ƙaramar hukumar Sumaila, nan Kano ta Kudu, ran 24 ga Yuli 2014. A 2016 ta sake ɓullowa a Borno, a wuraren da rikici ya hana ma'aikata shiga. Ran 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Sai dai da sauran rina a kaba. Raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon tana fita a bahaya, kuma idan ta sami gari mai yawan yaran da ba a yi wa rigakafi ba, ta yi ta yawo daga hanji zuwa hanji har tsawon lokaci, takan dawo da ƙarfinta. Wannan nau'in yana nan a Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara, kuma laka ɗaya yake kamawa, har da ta wuya. Shi ya sa aka ƙara allurar Salk cikin rigakafin jarirai a 2015, aka kuma fara amfani da sabon ɗigon da ba ya saurin rikiɗa a 2021, Najeriya ce ta fara a duniya. Shi ya sa kuma har yanzu ake ganin alli a bangon gidajen Kademi.

Yaran da cutar ta kayar tsakanin 2003 da 2009 yanzu samari ne da 'yan mata, wasu sun yi aure. Maganar ƙirji ba ta ƙare musu ba. Wanda tsokar bayansa ta yi rauni ta gefe ɗaya, ƙashin bayan kan karkace yayin da yake girma, ya matse huhu ya rage masa wurin buɗewa. Sannan jijiyoyin da suka tsira sun ɗauki aikin waɗanda suka mutu, kuma bayan shekara 15 zuwa 40 sukan fara gajiya, rauni ya dawo, wani lokaci a tsokar numfashi. Da dare abin ke fara nuna kansa, domin a kwance kayan ciki suna danno tsokar, barci kuma yana rage ƙarfin numfashi. Mutum ya ga ba ya iya kwanciya rigingine sai ya tada kai da matashi biyu, ya tashi da ciwon kai da asuba, ya wuni yana gyangyaɗi, murar da kowa ya warke daga gare ta cikin mako shi ta zame masa limoniya. Gurɓatacciyar iskar nan ce da Ibsen ya gano take taruwa. Gurgun da ya ga waɗannan alamu ya kamata a auna masa ƙarfin huhu a babban asibiti, irin na Malam Aminu Kano, kada a tsaya ga maganin tari na kemis. Abin da ya gaji huhun ƙarfe a yau wata 'yar na'ura ce da ba ta fi rediyo girma ba, mai abin rufe hanci, tana tura iska duk lokacin da mai barci ya ja numfashi. Tana buƙatar wutar lantarki daga bayan isha'i har zuwa kiran assalatu.